Siyasa a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saɓanin Jam'iyya Tsakanin 'Yan'uwa da Yadda Ake Kaɗa Ƙuri'a a Kano

Waɗannan tambayoyi ne da suke dawowa duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato a birnin Kano. Wasu ana yin su a zaure, wasu a teburin mai shayi, wasu kuma sai an keɓe ake iya furta su, musamman na matan aure da na samarin da har yanzu suke ƙarƙashin iyayensu. An sa musu lamba domin a riƙa komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Me ya sa saɓanin jam'iyya yake shiga har cikin ɗakunan gidajenmu?

Saboda tun asali siyasar Kano ba ta tsaya a hannun masu neman kujera ba. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a wannan birni ranar 8 ga Agusta 1950, zaɓin jam'iyya ya zama bayyana matsayin mutum a kan haraji da jangali, da kotun alƙali, da yadda masu sarauta suke mu'amala da talakawa. Mutane sun sha ɗauri da duka saboda suna bin Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, wasu kuma sun tsaya da NPC ta Sardauna bisa yaƙinin cewa ita ce mai kare martabar Arewa. Wanda ya sha wuya a kan abu ba ya ɗaukarsa da wasa, kuma 'ya'yansa suna tashi da labarin a kunnensu. Ko a cikin jam'iyya ɗaya ma ba a tsira ba: bayan PRP, jam'iyyar Malam Aminu, ta ci Kano a 1979 Abubakar Rimi ya zama gwamna, sai ta dare gida biyu, 'yan santsi suna tare da Rimi, 'yan taɓo suna tare da Malam, kuma dattawan da suka ga wannan zamani suna iya nuna maka gidajen da wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Rabuwar Kwankwasiyya da Gandujiyya bayan zaɓen 2015 ta sake buɗe irin wannan ƙofa.

Akwai kuma yanayin zamanmu. A cikin birni, a unguwanni irin su Yakasai da Ƙofar Mata da Gwammaja, ana samun babban gida mai ƙofa ɗaya da ya haɗa uba da 'ya'yansa magidanta da matansu da jikoki. Da dare ya yi, rediyo yana tashi daga sassa uku, kowane sashe da sojan bakan da yake saurare, kuma abin da aka ji da dare shi ake kawowa bakin tabarma da safe. Ga zaɓukan kansu ba sa barin zuciya ta huta. A 2019 sai da aka ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, aka sake shi a wasu rumfuna, ciki har da na mazaɓar Gama, kuma tazarar ƙarshe tsakanin Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf ba ta kai ƙuri'u 9,000 ba, alhali kowannensu ya haura miliyan ɗaya. Idan tazara ta matse haka, kowa yana jin cewa ƙuri'ar ƙanensa ce ta kayar da shi.

2. Mahaifina ya ce in zaɓi jam'iyyarsa. Idan na saɓa, na yi rashin biyayya?

Haƙƙin iyaye mai girma ne, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Isra'i ya hana a ce musu ko da "uf". Saboda haka babu wata hujjar siyasa da za ta halatta maka ɗaga wa Baba murya, ko yi masa dariya a gaban ƙannenka, ko kiran jagoransa da sunan banza yana zaune. Amma ƙuri'a tana da kama da shaida: kana faɗin cewa a iya saninka wannan ne ya fi dacewa a damƙa masa dukiyar jama'a da makarantunsu da asibitocinsu. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarci muminai su tsaya da adalci wajen shaida ko da a kan kansu ne, ko iyaye, ko dangi na kusa. Wannan ne ya sa nake ganin ɗa zai iya girmama mahaifinsa matuƙar girmamawa, sannan ya shiga rumfa ya dangwala wa wanda zuciyarsa ta natsu da shi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda za a yi maganar. Ka saurare shi tukuna, domin sau da yawa yana da dalilin da ba ka sani ba, wataƙila wani abu da ya gani da idonsa shekaru arba'in da suka wuce. Kana iya cewa, "Baba, na ji bayaninka, kuma zan yi tunani a kai. Ka yi mini addu'a Allah Ya zaɓa mana mafi alheri." Wannan ba ƙarya ba ce matuƙar za ka yi tunanin da gaske. Abin da za ka guje wa shi ne alƙawarin da ka san ba za ka cika ba, ballantana rantsuwa (duba tambaya ta 8).

3. Jam'iyya ake zaɓa ko ɗan takara?

A kan takardar ƙuri'a alamar jam'iyya da taƙaitaccen sunanta kake gani, kuma a gabanta kake dangwalawa. Tsarin mulkin 1999 bai ba da damar takara ba tare da jam'iyya ba. Shi ya sa a Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas duk da cewa ba shi ne ya yi yaƙin neman zaɓen ba, bisa hujjar cewa shi ne halastaccen ɗan takarar PDP kuma jam'iyyar ce ta ci zaɓe. Daga baya an gyara doka aka ce sai wanda ya shiga dukkan matakan zaɓe za a iya bayyana shi a matsayin wanda ya yi nasara.

Ta fuskar doka ke nan. Ta fuskar rayuwa kuwa, alama ba ta sa hannu a kasafin kuɗi, ba ta naɗa kwamishina, ba ta biyan 'yan fansho. Mutum ne yake yin waɗannan, kuma gwamna yana iya ɗaukar kujerarsa ya koma wata jam'iyyar bayan ka zaɓe shi (duba tambaya ta 6). Mai hankali yana duba biyun: wane ne mutumin, kuma su waye za su kewaye shi idan ya hau.

4. Mene ne "sak", mene ne "wake da shinkafa"? Wanda ya raba ƙuri'arsa ya ci amana ne?

"Sak" shi ne ka zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar tarayya, gwamna, ɗan majalisar jiha. "Wake da shinkafa" kuwa shi ne ka haɗa, nan ka ba wannan jam'iyya, can ka ba waccan, gwargwadon cancantar da ka gani. Masu kiran sak suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: gwamnan da majalisarsa take hannun 'yan adawa yana iya shan wahala wajen aiki, kuma mutanen Kaduna ba su manta yadda majalisar da NPN ta fi rinjaye a cikinta ta tsige Balarabe Musa na PRP a 1981 ba. Illar sak ita ce wanda bai cancanta ba yakan laɓe a cikin rigar babban jagora ya haye, daga nan kuma ba a sake ganinsa a mazaɓa sai bayan shekara huɗu.

Kanawa sun daɗe suna raba ƙuri'a, kuma babu wanda ya ce duk jihar ta ci amana. A 2011 mutanen Kano sun ba Muhammadu Buhari na CPC rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, alhali gwamnansu mai ci, Malam Ibrahim Shekarau, yana takarar wannan kujera a ANPP, sannan bayan 'yan kwanaki suka mayar da Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP gidan gwamnati. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 ma Abiola ne ya ci Kano, duk da cewa abokin takararsa Bashir Tofa ɗan Kano ne. Idan ƙanenka ya ce wake da shinkafa zai yi, bai fito da sabon abu ba.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a faɗa. Wanda yake riƙe da muƙami a jam'iyya, ko da na shugaban mazaɓa ne, ko ya karɓi aikin wakilci a akwati, ya ɗauki amana ta musamman. Idan ya yi wa jam'iyyar zagon ƙasa a ɓoye yana cin moriyarta a fili, ya saɓa alƙawari, kuma jam'iyya tana da ikon hukunta shi bisa tsarinta. Idan ya daina yarda da ita, ya ajiye muƙamin a fili. Talakan da ba shi da komai sai katin zaɓensa bai ƙulla wannan alƙawari da kowa ba.

5. Gidanmu tun kakanni an san mu da aƙida ɗaya. Idan na bar layin, ban tozarta su ba?

Wannan tambaya tana taɓa ni, domin na san nauyinta. Na taɓa zama da wani dattijo a Dala wanda ya buɗe tsohuwar adaka ya fito da katin jam'iyyar mahaifinsa, ya yi laushi saboda daɗewa, an naɗe shi a cikin leda tare da takardun gida. Bai ce komai ba na ɗan lokaci, yana ta shafa shi da babban yatsa. Daga baya ya ce abin da yake ɓata masa rai shi ne jikokinsa ba su san saboda me aka ɗaure mai katin ba. Ba wai sun shiga wata jam'iyya ne ya dame shi ba. Rashin sanin ne.

Jam'iyyun da kakanninmu suka yi wa hidima yawancinsu babu su yanzu. NEPU da NPC sun tafi da juyin mulkin 1966, NPN ta tafi da na 1983, SDP da NRC na zamanin Babangida an rushe su a 1993, ANPP da CPC kuma sun narke cikin APC a 2013. Abin da ya rage shi ne dalilin da ya sa suka shiga: ƙin zalunci, ko son ilimi ga ɗan talaka, ko kiyaye mutuncin shugabanci. Kusan kowane ɓangare a Kano yau yana cewa shi ne magajin Malam Aminu, saboda haka sunan kaɗai ba zai nuna maka hanya ba. Ka tambayi manyan gidanku abin da kakanku ya tsaya a kai, sannan ka auna 'yan takarar yau da wannan ma'auni. Mai yiwuwa ma'aunin ya kai ka inda gidan yake, mai yiwuwa ya kai ka wani wuri.

6. Jagoranmu ya sauya sheƙa. Rabin gida sun bi shi, rabi sun tsaya. Wane ne mai gaskiya?

Kafin a yanke hukunci, a tuna yadda manyan da kansu suka yi tafiya. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Shekarau ya fito daga ANPP aka kafa APC da shi, ya koma PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya haɗu da Kwankwaso a NNPP a 2022, kuma a cikin shekarar ya sake komawa PDP. Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, kafin su raba gari. Ban kawo wannan domin aibata kowa ba. Kowannensu yana da bayanin da ya yi wa magoya bayansa. Na kawo shi ne domin a ga cewa waɗanda ake faɗa saboda su suna rabuwa, suna shiryawa, suna zuwa ɗaurin auren 'ya'yan juna da ta'aziyyar juna, alhali a ƙasa an bar 'yan'uwa biyu da gabar da aka ƙulla tun a zagayen farko.

Doka ma ba ta ɗauki sauya sheƙa abu ɗaya ga kowa ba. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta kai shi zai rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata, kuma sashe na 109 ya faɗi haka game da 'yan majalisar jiha. Gwamna da shugaban ƙasa ba su da irin wannan sharaɗi. Shi kuwa mai zaɓe, sashe na 40 ya ba shi 'yancin shiga jam'iyyar da ya ga dama. Wanda ya bi jagora saboda ya yarda da mutumin yana da hujja, wanda ya tsaya saboda ya yarda da jam'iyyar shi ma yana da tasa. Kalmar "butulu" da "maci amana" da ake saurin jifan juna da su a irin wannan lokaci sun fi laifin nauyi.

7. Maigidana ya ce dole in zaɓi wanda yake so, har yana cewa zai riƙe katina. Yana da wannan iko?

Katin zaɓe na mai sunan ne, kuma tun da aka fara amfani da na'urar BVAS mai tantance yatsa ko fuska, babu wanda zai iya kaɗa ƙuri'a da katin wani. Riƙe shi ba zai ƙara wa ɗan takarar maigida komai ba, sai dai ya hana matar haƙƙinta. Ya kamata maza su tuna cewa wannan haƙƙi bai zo da sauƙi ba. Matan Arewa ba su yi zaɓe a jamhuriya ta farko ba, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka ba su dama, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba wadda aka ɗaure sau da dama saboda NEPU. Yau duk wanda ya je rumfar zaɓe a Fagge ko Gwale ya ga tsawon layin mata, da goyo da buta da tabarma, ya san ba 'yan rakiya ba ne.

Shawarata ga uwargida ita ce kada ta mayar da batun gasar nuna iko. Ta nemi fita zaɓe cikin ladabi kamar yadda take neman fita unguwa, ta ji ra'ayinsa, ta faɗi nata idan ta ga zai saurara, idan kuma ta san faɗar zai tayar da ƙura ta yi shiru, domin rumfa tana rufa asiri (duba tambaya ta 8). Idan abin ya kai ga barazanar saki ko duka, ya wuce siyasa, kuma a nan ne ake kiran manya daga danginsa da nata kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara. Ga maigida kuwa: igiyar aure ba abin da za a ɗora a kan sakamakon akwati ba ce, kuma furucin saki da aka yi cikin zafin siyasa ba ya gogewa don an rantsar da gwamna.

8. Wani zai iya gane wanda na zaɓa? Idan an sa ni na rantse fa?

Tsarin da hukumar zaɓe ta INEC take bi shi ne a tantance ka a fili, ka dangwala a keɓe, ka naɗe takardar, ka jefa a akwati a gaban jama'a. Babu sunanka a kan takardar. An hana shiga wurin dangwalawa da waya domin kada a tilasta wa mutum ɗaukar hoton ƙuri'arsa. Abin da ake sanarwa a ƙarshe jimillar akwatin ce, saboda haka za a iya sanin yadda unguwa ta karkata, amma ba yadda kai ka yi ba. Abin da ya fi tona asirin mutane shi ne rashin naɗe takarda da kyau, da kuma bakinsu bayan sun fito. Makaho ko mai wata lalura yana da damar zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa, kuma amana ce a kan mai taimakon ya dangwala abin da aka ce masa.

Game da rantsuwa, bai kamata uba ko yaya ko ɗan siyasa ya ɗora wa mutum Alƙur'ani a kan ƙuri'a ba. Wanda ya riga ya rantse kuma daga baya ya ga alheri yana wani wuri, akwai hadisi ingantacce da ya ce ya aikata abin da ya fi alheri ya yi kaffarar rantsuwarsa, kuma aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana kaffarar: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Ya kai wa malaminsa bayanin yadda aka yi rantsuwar domin ya samu hukuncin da ya dace da halinsa.

9. Ɗan'uwana ne yake takara, ko kuma abincinsa yana jikin wannan gwamnati. Ba dole ne in goya masa baya ba?

A nan ne abin ya fi tsanani, domin ba ra'ayi kaɗai ake magana ba, har da tukunyar gida. Idan Yaya yana riƙe da muƙamin mai ba gwamna shawara, kuma daga albashinsa ake biyan kuɗin makarantar marayun gidan, duk wanda ya ce zai zaɓi 'yan adawa za a kalle shi kamar mai son kashe wutar murhu. Bai kamata a raina wannan tsoro ba. Amma muƙamin siyasa yana da wa'adi, kuma gidan da ya zuba ƙwansa duka a kwando ɗaya shi ne yake shiga ƙunci idan gwamnati ta juya, abin da ya faru a Kano a 2003 da 2011 da 2023.

Idan ɗan'uwan naka ya cancanta, ka tsaya masa da ƙarfinka, babu abin kunya a ciki. Idan kuwa ka san bai cancanta ba, kana iya ƙin zaɓensa ba tare da ka hau mumbari kana tona masa asiri ba, kuma ba tare da ka ba abokan hamayyarsa sirrin gida su yi kamfe da shi ba. Manyan gidajen siyasa ma sun ga irin wannan. A Kwara a 2011 Olusola Saraki ya tsayar da 'yarsa Gbemisola takarar gwamna a ACPN, ɗansa Bukola kuma ya goyi bayan Abdulfatah Ahmed na PDP, wanda ya yi nasara.

10. Ana kawo taliya da atamfa da kuɗi ta hannun Hajiya ko Baffa a raba wa gida. Me za mu yi?

Sayen ƙuri'a da sayar da ita laifi ne a dokar zaɓe, ga mai bayarwa da mai karɓa. 'Yan siyasa suna bi ta hannun babba ne saboda sun san nauyinsa: wanda ya karɓi turmin atamfa daga hannun kakarsa zai ji kunyar saɓa mata fiye da yadda zai ji kunyar ɗan takara. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka mafi aminci shi ne kada a karɓa. Ban manta da halin da ake ciki ba, na san akwai gidajen da ƙullin taliyar nan shi ne abincin darensu, kuma ba zan zage su ba. Abin da zan roƙi manya shi ne kada su ce wa na ƙasa da su "tunda kun ci, sai ku yi", domin a nan ne kyauta take komawa ciniki.

11. Zauren WhatsApp na dangi ya koma filin daga. A rufe shi ne?

Ba sai an rufe ba. A mayar da shi kan abin da aka buɗe shi dominsa, wato sanarwar haihuwa da aure da rashin lafiya da rasuwa da gudummawa, masu son muhawara kuma su buɗe nasu daban. Dokar za ta yi aiki ne kawai idan ta hau kan kowa. Idan mai kula da zauren yana goge saƙon ɓangare ɗaya yana barin na ɓangarensa, gara ma ba a kafa ta ba. A kula musamman da hotunan da aka haɗa da muryoyin da ba a san mai su ba, domin Suratul Hujurat ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Abin da ba za ka iya faɗa a gaban Kawu yana zaune a kan buzunsa ba, kada ka rubuta shi a inda zai karanta.

12. Ya dace a je biki ko suna ko ta'aziyya da alamar jam'iyya?

Jar hula, alamar Kwankwasiyya, ta zama tufar yau da kullum ga mutane da yawa a Kano, kuma ba daidai ba ne a ce wa mutum ya cire hularsa kafin ya shiga gidan ubansa. Haka nan wanda ba ya sa ta bai kamata a tsokane shi ba. Inda matsala take shi ne mayar da taron dangi wurin kamfe: rera taken jam'iyya a wurin kamu, saka waƙar habaici a lasifika alhali an san surukai 'yan ɗaya ɓangaren ne, ko buɗe muhawara a kan tabarmar makoki mamaci bai kwana uku ba. Mai taro yana da haƙƙin ya ce a bari, kuma baƙo ya bari. Hana aure saboda jam'iyyar uban yaro kuwa ba shi da madogara a cikin sharuɗɗan da addini ya sa a duba, wato addinin mutum da halinsa.

13. An faɗi sakamako. Namu ya ci, na ɗan'uwana ya faɗi. Yaya za mu zauna?

Wanda nasa ya ci shi ne ya fi ɗaukar nauyi. Ka yi murnarka a waje tare da abokan tafiyarka, amma kada ka shigo da ita ƙofar ɗakin wanda ya kwana a rumfa yana "a kasa, a tsare, a raka" kuma ya dawo hannu rabbana. Ka kuma tuna cewa sanarwar hukumar zaɓe ba lallai ita ce ƙarshen magana ba. A zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris 2023 an bayyana Abba Kabir Yusuf na NNPP da ƙuri'u 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC da 890,705. A Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 ta ba Gawuna nasara, a Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta bar hukuncin a haka, sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa. A cikin wata goma murna ta yi ta sauya gida, kuma duk wanda ya yi wa ɗan'uwansa gwalo a zagaye ɗaya ya sha nasa a na gaba.

Iyaye su sa ido a kan samari a waɗannan kwanaki fiye da kowane lokaci. Yawon murna a kan babura da ƙone-ƙonen ofisoshi da jagaliya su ne suke kai yaro asibiti ko ofishin 'yan sanda, kuma idan hakan ta faru, dangin nan da aka yi faɗa da su ne suke zuwa beli da jinya.

14. Gaba ta riga ta ƙullu, mun shekara ba ma magana. Ta ina za a fara?

A fara da sanin hukuncin. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Wannan a kan kowane Musulmi ne, ina ga wanda kuka sha nono ɗaya, alhali akwai gargaɗi mai tsanani a kan yanke zumunci. Kada ka jira sai ya yarda cewa jam'iyyarsa ta yi kuskure, domin wannan rana mai yiwuwa ba za ta zo ba, kuma ba ita ake nema ba.

A lura cewa sau da yawa siyasar murfi ce kawai. A ƙarƙashinta akwai rabon gadon da bai yi wa wani daɗi ba, ko bashin da ba a biya ba, ko tsohon kishin 'yan ɗakuna, sai zaɓe ya zo ya ba su harshen da za su yi magana da shi. Saboda haka mai sasantawa ya zama wanda ya san tarihin gidan kuma ba a san shi da ɓangare ba, kamar gwaggo ko limamin unguwa ko aminin mahaifinku, ya kuma ji kowa shi kaɗai kafin ya haɗa su. Idan an zauna, a ware abu biyu: ra'ayi, wanda kowa zai tafi da nasa, da kalaman cin mutunci, waɗanda dole a nemi gafararsu da sunansu. "Yaya, maganar da na faɗa maka ranar zaɓe a gaban yara ban kyauta ba, ka yafe mini" ta fi "a yafi juna" ta gaba ɗaya tasiri nesa ba kusa ba.

Idan zaman ya yi nauyi a karon farko, a bi ta ƙafa, tunda zumunta a ƙafa take. Ka je duba shi idan ba shi da lafiya, ka aika yaranka su gaishe shi ranar Juma'a, matarka ta kai wa tasa abincin sallah. Idan ka yi sallama bai amsa ba, ka sake yi a mako mai zuwa.